Alassani, Mijin Uwar Nusaiba

Alassani makanikin babur ne a Dapaong, a arewacin Togo, asalinsa mutumin Mandouri da ke bakin iyaka. Ya haura arba'in kafin ya auri Mu'minatu, bazawara 'yar Zongon Sokodé, wadda ta zo masa da 'yarta ƙarama, Nusaiba.

Uban yarinyar, Wahabu, mahauci ne a Sokodé. Lokacin da aurensa da Mu'minatu ya mutu, dattawan Zongo sun yanke cewa Nusaiba ta zauna wurin uwa tana karatu, ta riƙa zuwa wurin uba a dogon hutu da babbar sallah. Kowa ya amsa, amma abin bai tafi daidai ba. Duk ranar da Wahabu ya kira don jin muryar 'yarsa, sai an tono tsohon faɗa, a rabu da zagi, yarinya na tsaye tana ji. Daga baya Mu'minatu ta daina ɗaukar wayarsa.

Alassani bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya nemi lambar Wahabu ya kira shi, ya ce daga yau in yana son magana da 'yarsa ya kira wannan layin ranar Juma'a bayan masallaci. Wahabu ya tambaye shi shi wane ne a cikin maganar. Alassani ya ce shi ne mai gidan da yarinyar ke kwana.

Haka aka fara. In hutu ya zo, Alassani ya rufe rumfa, ya shiga mota da Nusaiba, su wuce Mango da Kara har Sokodé, ya miƙa ta hannun kakarta, uwar Wahabu, ya juyo. Abokan aikinsa suna yi masa ba'a wai ya zama ɗan aiken tsohon mijin matarsa. A tsakanin iyayen biyu, saƙon da ya shafi takalmi ko magani ko jarrabawa yana isarwa, na baƙar magana kuwa yakan ce wa mai shi ba ya ɗaukar irin wannan kaya.

Wata shekara hutu ya ƙare, aka koma lekol, wato makaranta, Wahabu bai bar Nusaiba ta dawo ba. Har ya sa ta a wata makaranta a Sokodé. Mu'minatu ta ce kotu za ta je. Alassani ya roƙe ta ta bari ya je tukuna.

Ya iske Wahabu a teburinsa yana sara ƙashi. Ya zauna a benci har masu sayen nama suka ragu. Ya zaci girman kai zai tarar, sai ya ga mutumin tsoro yake ji. Wahabu ya ce kullum yana jin labarin hare-hare a ƙauyukan bakin iyaka, ba ya iya barci.

"Baban Nusaiba," in ji Alassani, "ba zan ce maka ƙarya ake yi ba. Uwata ma na ɗauko ta daga Mandouri, tana gidana. Amma cikin Dapaong yara suna zuwa makaranta. Abin da ka yi ba daidai ba ne, ka riƙe ta ba ka faɗa wa uwarta ba."

"Da na faɗa, za ta saurare ni?"

"Ni ai zan saurara."

Suka kira kakar yarinyar, aka zauna. Aka tsaya a kan Nusaiba ta ƙare wannan shekarar a Sokodé tunda ta riga ta fara, duk hutu kuma ta yi shi a Dapaong, ranar Juma'a uwarta ce za ta kira.

Da ya dawo shi kaɗai, Mu'minatu ta ce ya ci amanarta. Ta daɗe ba ta yi masa magana sai ta dole, abinci ma uwarsa ce ke miƙa masa. Abin ya dame shi, don shi kansa bai tabbata ya yi daidai ba, ga gidan ya yi masa shiru. Amma duk Juma'a yakan kira layin kakar, ya ajiye wayar kusa da Mu'minatu, ya fita.

A ƙarshen shekara aka tambayi Nusaiba, ta ce tana son komawa wurin uwarta. Wahabu bai ji daɗi ba, amma da kansa ya rako ta har Kara.

Yanzu Nusaiba tana kolej a Dapaong, kuma ita kaɗai take shiga mota in hutu ya zo. Iyayenta har yau ba sa magana. In Wahabu yana da abin faɗa game da ita, Alassani yake kira, wani lokaci su ƙare da hirar tsadar shanu.