Sunan da Kaka Ta Hana Ni

Ai ban ma kashe moto, babur ɗina, da kyau ba na faɗa gidan kakata a Jiratawa, ina kiran ta tun daga zaure. Yayata ce ta haifi mace a Sabon Garin Maraɗi, ni kuwa na riga na cika baki a gaban mijinta cewa zan kawo sunan da za a raɗa wa jaririyar: sunan matar da ta kafa gidanmu.

Uwar kakana ce. Na daɗe ina bin labarinta wurin tsofaffi. Daga Tsibiri ta taso bayan rasuwar mijinta, da goyo a baya, ta yi bukka a bakin gulbi tun babu kowa a wajen. Ita ta dasa tsamiyar ƙofar gida. Wani tsoho a Tsibiri ya ce mini ba ta sallah, ba ta kuma shiga bori. Da safe takan zauna gindin tsamiyar shiru, in an tambaye ta sai ta ce saurare take. Shi ya sa ba a taɓa yi mata takwara ba. Babana kuwa Tsohuwa kawai ya ji ana ce mata. Kakana ya rasu. Wadda ta rage da sanin sunan ita ce surukarta, wato kakata.

Na tarar da ita kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura. Ta fara tsiyarta ta kullum, wai mijin nata ya zo hannu rabbana, ko goro babu. Da na faɗi abin da ya kawo ni, dariyar ta ɗauke. Ta ba ni labarin yadda matar ta koya mata dashen albasa, da yadda ta yi jinyarta a haihuwar fari. Sunan dai ta ƙi. Na roƙa, na ce ta raɗa mini a kunne, ko ta faɗa cikin salula in fita waje. Har na ce mata in ta tafi da shi, shi ke nan ya ɓace.

"Angona," in ji ta, "tun da aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa kama sunanta ba. Sai yanzu da na kusa zuwa in same ta? Da wane ido zan dube ta?"

Na koma Maraɗi hannu wofi. Sunan uwar mijin yayata aka sa wa yarinyar.

Kaka tana nan, jikin dai sai a hankali. Duk Juma'a ina zuwa, kuma na daina tambaya, don na ga tana tsorata in na buɗe baki. Amma raina bai kwanta ba. Ku fa, akwai wanda ya taɓa samo suna irin wannan a danginsa? Ta yaya kuka yi ba tare da kun ɓata wa tsohuwa rai ba?