Gwaggo mai wanki tana neman suna mai ma'anar kwari

Wai don Allah cikinku wa ya san sunan 'ya mace da ma'anarsa take nufin kwari? Kwarin da ke ƙarƙashin tudu, inda ruwa yake gangarowa ya kwanta. Ku yi haƙuri da rubutuna, sauri nake, jibi ne magana za ta ƙare.

Gwaggona ce, yayar babana, wanki da guga take yi tun kafin a haife ni. Gidanta can ƙasan unguwa yake, in an yi ruwan sama har tsakar ɗaki sai an kwashe da roba. Masu ba ta wanki kuma duk a kan tudu suke. Kullum da safe ta naɗa gammo ta ɗora ƙunshin gogaggun kaya ta hau, ta sauke, ta kwaso masu datti ta gangaro. Hannunta duk ya tsattsage da sabulu, farcenta ya cinye, gwiwarta kuwa in za ta tashi daga gaban baho sai ta dafa bango tana cewa wash. Ɗakinta warin man zafi da gawayin dutsen guga, ko idona a rufe na san na iso.

'Ya'yanta maza duk sunaye masu tsayi ta sa musu, wannan ɗaukaka, wancan nasara. Kuma sun ɗaukaka ɗin, sun hau sun tafi, sai dai waya, wayar ma sai an ga dama. Auta ce kawai ta rage kusa, tana auren wani mai walda. To Auta ta haifi mace, kuma mai walda ya samu aiki a nesa, da jaririyar ta yi ƙwari za su kwashe su tafi.

Shi da bakinsa ya ce, "Mama, ke za ki zaɓa mata suna."

Gwaggo tana matse zanin gado ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Mai ma'anar kwari nake so."

Babana ya ce, "Haba Yaya, mutane na neman sama ke kina neman rami?"

Ta ce, "Kai da ko buhu ba ka taɓa hawa tudu da shi ba, rufe min baki. Ni duk wani daɗi da na sani a duniyar nan gangarowa ne. In na juyo na hango rufin ɗakina a ƙasa, lokacin nake numfashi."

Shi ne aka ce in duba a waya. Na zauna kan bokitin da ta kife ina karanto mata tana guga. Akwai su da yawa wallahi, amma duk na wasu ƙasashe ne, harshe ba ya juya su. Na karanta ɗaya ta ce, "Wannan suna ne ko maganin tari?" Na karanta wani ta gwada ta gwada, Auta tana daga ciki tana dariya tana riƙe ciki tana cewa, "Inna ki bari, ɗinkina!" Har cajina ya mutu ba mu samu wanda ya zauna a bakinta ba.

Jiya mai walda ya zo ya durƙusa bakin ƙofa. Mutumin kirki ne, ba ya son ɓata wa Gwaggo. Ya ce wurin sabon aikin suna son takardar haihuwa kafin su ba shi ɗaki na iyali, in jibi ba a samu sunan ba dole ya sa wanda mahaifiyarsa ta kawo. Na tambayi ma'anar wancan, wai tauraruwa.

Gwaggo ta ce, "To. Ita ma ta hau."

Da ya tafi na ce, Gwaggo ai suna ba zai hana su tafiya ba. Ta ajiye dutsen guga kan murfin tukunya, ta daɗe tana murza gwiwa. Ta ce, "Na sani, suna ba igiya ba ne. Amma yarinya za ta girma ta ce me sunana yake nufi. Dole uwarta ta ce kwari. Ta ce wane kwari. To kin ga dole a ambace ni."

Sai ta ɗauki rigar wani ta yayyafa ruwa ta ci gaba, don gobe ma akwai hawa.

Ba wani abu take nema ba, suna ne kawai, gajere, wanda tsohuwa mai haƙora kaɗan za ta iya kira daga bakin baho. In kun sani ku rubuto, in ba ku sani ba don girman Allah ku tura wa na gaba, ko kakarku ce ku karanta mata, ƙila ita ta sani. Jibi da safe zai tafi yin takardar.