Ranar da Na Ƙaga Ɓarawo Mai Jan Ƙafa

Shekarun baya, wajen tsakiyar saba'in, aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Gagarawa. Ina saurayi, baƙo, ga shegen surutu. Bayan la'asar babu abin yi, sai na ƙirƙiro mana wasa ni da abokaina uku: wani tela, da malamin asibiti, da wani malami abokin aikina. Mukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, in zana gari a ƙasa da tsinke, tsakuwoyi su zama gidaje. Sai in ce an yi sata. Ɗaya ya zama mai gari, ɗaya ɗan sanda, ɗaya alƙali. Su yi ta yi wa mutanen labarin tambayoyi, ni kuma ina amsawa da bakin kowa, har su gano ɓarawon.

Kullum da shirina nake zuwa. Kafin mu zauna na rubuta a littafi wanda ya yi satar, da dalilinsa, da alamun da zai bari. Nakan bi kamannin mutanen ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya yi kama da ɗan garin. Mutane suka fara taruwa kallo, ni kuwa kaina ya fara kumbura.

Wata Alhamis na je kasuwar Maigatari, na dawo a gajiye, ban rubuta ko baƙi ɗaya ba. Abokina tela ya ce, "Malam, yau a huta mana." Na ce, "Haba! Ni ne zan rasa labari?" Na buɗe littafin a shafin da babu komai, na kare da hannu don a ɗauka na shirya.

Na ce an saci bijimi, don daga kasuwar shanu nake, shi ya fara zuwa mini baki. Malamin asibiti, wanda ke ɗan sanda ran nan, ya ce, "Sawun wa aka gani a turke?" Wallahi ni kaina ban sani ba. Na ce, "Na mutum ɗaya, yana jan ƙafar hagu."

"Ina ya nufa?"

"Arewa, hanyar iyaka."

"Bijimin bai yi masa gardama ba?"

"Ina! Ai ya san hannunsa."

Ina ta jin daɗin kaina, ina cewa a raina ashe shirin nan ma wahalar banza ce. Ashe wan tela korar shanu ce sana'arsa. Masu dabbobi ke ba shi amanarsu ya kai Maigatari a ƙasa, kuma tun yana yaro yake jan ƙafar hagu. Ga shi makonni biyu kafin nan an rasa bijimin wani mutum a garin, labarin da na ji sama-sama na manta.

Tela ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya ce, "Malam, a littafin nan ka ga wannan?" Jama'a na kallona. Girman kai ya hana ni cewa babu komai a shafin. Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Washegari, kafin a watse daga masallacin Juma'a, zance ya game gari: malamin boko ya duba littafi ya ga ɓarawo. Alhamis ta zagayo, babu wanda ya ba wan tela ko ɗan maraƙi ya kora. Mutum mai 'ya'ya biyar, kuma da wannan kora suke ci.

Na kwashi littafin na tafi wurin mai gari na gaske, na nuna masa farin shafin. Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne, ƙaga shi na yi a zaune." Ya tara dattawa na maimaita a gabansu. Wasu suka yarda. Wasu suka ce tsoro ne ya sa na yage inda sunan yake.

Daga nan na nufi gidan mutumin. Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na ce, "Yaya, ka yafe mini. Wallahi ban rubuta ka ba, ban nufe ka ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na yarda, Malam. Ai ran nan da muka dawo daga kasuwa kana bayana daga inda mota ta sauke mu har cikin gari, kana kallon tafiyata. Abu ɗaya nake so ka faɗa mini. Da ka rasa ɓarawo ka leƙa zuciyarka, me ya sa ni ka tarar a ciki?"

Ni mai amsawa da bakin kowa, sai na miƙe na kama hanyar gida.

Bayan girbi ya kwashe iyalinsa ya koma wurin dangin mahaifiyarsu a tsallaken iyaka. Bijimin ba a taɓa ganinsa ba. Tela bai daina gaishe ni ba, amma bai sake zama a tabarmar nan ba.

Har yau ina yi wa jikokina wannan wasa, kuma sai na rubuta nake zama. Na gane cewa idan na shirya, ni nake zaɓen mai laifi. Idan ban shirya ba, abin da ke kwance a raina ne yake zaɓa, kuma ban san abin da ke kwance a wurin ba sai ran nan. Kunyar abin ba ta sake ni ba. Na tsufa yanzu, kuma har yau ban samo wa mutumin nan amsa ba.