Ranar Sakin Shanu a Gonar Mijinyawa

Ni malamin gona ne. Shekara bakwai ke nan ina tuƙa babur daga Bodinga zuwa wani ƙauye da ke gefen Horo Birni, kuma a duk manoman da nake hulɗa da su babu wanda ya taɓa ɓata mini rai kamar Mijinyawa, babu kuma wanda nake jin nauyinsa kamarsa.

A ruga aka haife shi. Ya yi kiwo har ya kai shekara talatin, sai ciwon huhu ya shiga garkensa ya bar masa saniya biyu. Ya sayar da su, ya karɓi wata gona da kowa ya guda saboda ƙuduji, ciyawar nan mai kyan fure da ke tsotse dawa tun daga saiwa. Manoma suka yi ta masa dariya. 'Yan'uwansa makiyaya kuwa suka ce ya ajiye sanda ya ɗauki wahala. Kowace kaka sai ya zaɓi zangarniyar da ta tsira daga ƙuduji, ya rataye ta a rufin ɗaki, ya shuka ta baɗi. Bayan shekara ashirin yana da dawar da ƙuduji ba ya iya kayar da ita. Aibinta ɗaya, nawa ce da ita, ba ta nuna da wuri.

Ni na kai labarinta ga Dokta Hadizatu, wata mai binciken iri a jami'a. Ta samo tallafin shekara uku daga wata gidauniya ta ƙasar waje, ta yanka gonar gida goma, kowane da turke mai lamba. In an auna amfanin damina uku a jere aka ga dawar ta tsaya, za a yi wa irin rajista a yaɗa shi ga manoma. In aka rasa damina ɗaya, aikin ya tashi a banza.

Shekara biyu komai ya tafi daidai. A ta uku ruwa ya makara, ba a yi shuka ba sai ƙarshen Yuli, alhali tallafin zai ƙare ƙarshen Oktoba. Tun Agusta Dokta ta rubuta tana neman ƙarin lokaci. Takardar ta yi sati uku tana jiran sa hannun wani da ya yi tafiya. Da ta isa gidauniya suka ce a sake cike wani fam. Ƙa'idarsu kuwa, da zarar wa'adi ya cika babu mota, babu sikeli, kuma abin da aka auna bayan nan ba ya shiga rahoto. Su a ofis nasu gani suke dawa ma kalanda take dubawa.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika Dokta ta kira ni, muryarta duk a gajiye, ta ce ko za a yanke a auna haka nan, ya fi a tashi hannu wofi. Na je na gaya wa Mijinyawa. Ya cire ƙwaya ɗaya ya matse tsakanin yatsu, farin ruwa ya fito.

"Malam, wagga ka so in yanke? Nono ta fa. Ka hwaɗa ma Dokta ba ni yi."

Oktoba ya wuce, takarda shiru.

To a ƙauyen akwai al'ada. In an gama kwashe amfanin gona, Maigari da Arɗo sukan tsayar da ranar da za a saki dabbobi su shiga gonaki su ci kara. Daga ranar, abin da dabba ta ci ta ci, babu ƙara. Aka tsayar da wata Asabar a tsakiyar Nuwamba. Kowa ya kwashe nasa, dawar Mijinyawa kaɗai ke tsaye, kore shar, a bakin burtalin da shanu ke bi zuwa tafki, babu abin da ya raba su sai shingen ƙaya. Na je na durƙusa gaban Maigari na roƙe shi.

"Malam, in aikin jami'a na, kawo takarda in gani," in ji shi. "In babu, gonar Mijinyawa ta awa ta kowa. Ba ni hifita mutum guda."

Ranar Juma'a da hantsi, ana gobe saki, Dokta ta turo mini takardar a waya: an amince. Na ruga shagon buga takardu a Bodinga, babu wuta, sai da na tsaya a kan mai shagon ya tada janareto. Na isa ƙauyen an sauko daga masallaci, mutane cike a ƙofar Maigari. Don ɗoki ban ja shi gefe ba, na buɗe takardar na fassara da ƙarfi, har da ɗaga murya a wurin da aka ce an ƙara wata uku.

"To shi ke nan," in ji Maigari. "Takarda tac ce wata ukku. Shanu ba su bin wancan ɓangare sai wata ukku sun cika."

Nan take na gane ɓarnar da na yi. Arɗo Garba ya miƙe. Shi ne shugaban makiyayan, kuma wan Mijinyawa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

"Ranka shi daɗe, wata ukku? Ina za su sha ruwa? Mun yi haƙuri damana duka, shanu sun rame. Takarda ka shayar da su?"

Makiyayan da ke bayansa suka gyara riƙon sanduna. Manoma su ma suka fara tasowa. Na so in yi bayani cewa wata ukun ƙarin wa'adin aikinmu ne, ba na tsare shanu ba, amma hayaniya ta shanye muryata. Wallahi na yi nadamar karatun nan.

Sai Mijinyawa ya taso daga inda yake tsugune, ya tsaya gaban wansa.

"Hamma, ba wata ukku nike so ba. Kwana goma sha biyu. Ran Laraba ta sama, ko ta nuna ko ba ta nuna ba, ni da hannuna ni ka buɗe shinge."

Garba ya dube shi ya ce, "Jama'a sun ji ka." Aka shafa Fatiha.

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Shanu na dogon zagaye kafin su kai ruwa, har wata saniyar Garba ta yi ɓari a hanya. Kullum in na zo sai na tarar da makiyayi ɗaya ko biyu tsaye nesa da gonar, suna kallon dawar.

Ran Laraba Dokta ta iso da mota da sikeli da ɗalibanta tun da safe. Gida takwas sun nuna, aka yanke, aka auna, aka ware buhu ɗaya na iri a gefe. Biyu na kwari, inda ƙasa ke riƙe laima, har yanzu ƙwayar na lotsewa. Su ne kuma inda ƙuduji ya fi yawa, su ne babbar hujjarta. Da la'asar garken Garba ya iso ya tsaya a bakin burtali.

"Baba Mijinyawa, kwana huɗu kacal," in ji Dokta, tana nuna masa takardar. "Muna da izini har Janairu. Gumin shekara ashirin ɗinka ne a nan."

"Na sani, ɗiyata. Izinin naku na. Ni sha biyu nir roƙa."

Na tsare gabansa na ce ya bari in je in roƙi Arɗo. Ya kauce mini kamar bai gan ni ba. Garba na tsaye da sanda a kafaɗa, bai ce a buɗe ba, bai ce a bari ba. Mijinyawa ya kama reshen ƙaya ya ja, ya sake jan wani, har jini ya fito masa a tafin hannu. Shanun suka kutsa, sai ƙarar karyewar kara kake ji. Dokta ta juya baya ta rufe fuska da mayafi.

Ya tsaya har suka kwantar da gida na tara suka shiga na goma. Sannan ya goge hannu a gefen riga, ya dube ni.

"Malam, ɗauke buhun irin can ka sa mota, kar su taka."