Kafintan da Ya Gyara Gidan Kakansa Har Aka Rushe Shi

Haihuwa da Asali

An haifi marigayi Baba Kafinta a shekarar 1941, a tsohuwar unguwar bayan tashar jirgin ƙasa, cikin benen katako da jan bulo wanda kakansa ya gina. Mahaifinsa mai gyaran sikeli ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma, kuma daga gare ta ya ɗauki tarbiyyar da ta zame masa jarrabawa daga baya, wato kada baƙo ya tarar da abu ɓatacce a gidan mutum.

Karatu, Sana'a da Aure

Ya shiga makaranta a 1948, ya bar ta a 1954 ba tare da malamai sun yi kewarsa ba, domin ya fi ƙwarewa a gyaran bencin aji bisa zama a kansa. A 1961 ya buɗe shagon kafinta a ƙasan benen. A 1965 ya auri ɗiyar wani tela, wadda kowa ke kira Goggo, suka sami zuri'a, dukkansu haihuwar ɗakin sama.

Shigar Gidan Cikin Doka

A 1979 hukumar adana gine-ginen tarihi ta sanya gidan cikin waɗanda doka ta haramta rushewa, ta manna farantin tagulla a bango, ta kuma sanar da shi cewa masu dubawa za su riƙa zuwa lokaci-lokaci. An karanta masa sharuɗɗa masu tsawo, amma abin da ya shiga kunnensa shi ne manyan baƙi za su zo ganin gidan kakansa. Saboda haka duk sa'ad da aka aiko da sanarwar zuwansu, sai ya zage damtse. A 1982 ya sauke tsohon rufi ya sa kwano. A 1985 ya shafe jan bulon da siminti. Tagogin katako suka koma gilashi, kuma a 1991 ya cire ƙyauren ƙofa mai sassaƙa, ya kafa na ƙarfe, tsohon ƙyauren kuwa ya mai da shi teburin aiki. Masu dubawa, da yake kowane zuwa sababbin fuskoki ne, sukan sha ruwa, su yaba tsafta, su tafi.

An ruwaito cewa Goggo ta taɓa ce masa, "Malam, su fa mutanen nan tsufan suke so." Ya amsa, "Wa ke son tsufa? Ke ma ai rini kike wa furfurarki."

Shari'a da Rushewa

A 2003 hukumar tsara birni ta ƙuduri faɗaɗa titin da ke gaban gidan, marigayin kuwa ko a jikinsa, ya dogara da farantinsa. Sai wata mai binciken gine-gine ta zo da tsohon hoton benen a hannu, ta zagaya gidan, ta dawo ta tambaye shi cikin ladabi ko ina gidan yake. Daga nan al'amari ya rikice. Hukumar adanawa ta kai shi ƙara bisa laifin halaka ginin tarihi, hukumar tsarawa kuma ta nemi izinin rushewa bisa hujjar cewa babu sauran tarihi a wurin, kotu kuwa ta ba su gaskiya duka biyun. Mai wannan rubutu ya bi hukuncin daki-daki, kuma har yau kansa a ɗaure yake.

Tambayar da marigayin ya yi ta maimaitawa ita ce, "In ni na rushe shi, to me za su rushe? In kuma yana nan tsaye, laifin me na yi?" A 2005 aka sa katafila ta ture benen yana kallo, kuma ya yi kuka a bainar jama'a.

Abu guda doka ta ci gaba da karewa, shi ne tsohon ƙyauren. An ba marigayin amanarsa da sharaɗin kada ƙusa, fenti ko ruwa su taɓa shi har sai an zo ɗauka. Ba a zo ba.

Ƙarshen Rayuwa da Wafati

Ya koma gidan babban ɗansa, inda ya ƙarasa shekarunsa zaune kusa da ƙyauren, yana kallon tsagar da ke jikinsa, hannayensa a ƙarƙashin cinya don kada su gyara ta. Allah ya yi masa rasuwa a 2011, yana da shekara saba'in. Da aka rasa katako mai faɗin da za a yi masa wanka a kai, babban ɗan ya tsaya yana jinjina maganar doka, sai Goggo ta ce, "Ku shimfiɗa shi a kan ƙofar kakansa. In sun zo, ni za su kama." Haka aka yi, aka kuma binne shi kusa da mahaifinsa.

Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babban, direban motar haya, mai bi masa, malamar makaranta, tagwaye maza, dukkansu masu walda, da auta, wadda ta gaji ungozomanci. Ya kuma bar ƙyauren, wanda ke jingine a ɗakin Goggo da tabon ruwa a jikinsa, ana jiran hukuma.