Gurbin Auta

A layinsu Mai Aski ake ce masa, amma a wasan yaƙin da yake bugawa a waya sunansa Ambulan. Ba shi ya raɗa wa kansa ba. Abokan wasansa ne suka ga bawan Allahn nan bai iya harbi ko na misali ba, in ya saita mutum sai ya sami bishiya, amma duk wanda aka kayar a cikinsu, kafin ya rufe baki Ambulan ya iso ya ɗaga shi.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne: kujera ɗaya mai juyawa, madubi da ya tsage a kusurwa, benci, da ƙusar rataye kilifa. Da tsakar rana, lokacin da babu mai son a taɓa masa kai, sai ya karkaɗe gashi daga kujerar ya haye, ya toshe kunnuwa da iyafis. Su huɗu ne a ƙungiyar. Akwai Direba, mai jan babbar mota, da ke shigowa duk inda aka ajiye shi jiran lodi. Akwai Sista, ma'aikaciyar jinya, ita ke duba taswira ta ba da umarni, kuma ba a ja da ita. Waɗannan biyun bai taɓa ganin fuskarsu ba. Na huɗun kuwa tun yana rarrafe ya san shi, don ƙanensa ne, Auta, mai haɗa wutar gidaje.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ana zuba ƙungiyoyi a tsibiri, da'ira tana ta tsukewa, wanda ya tsaya a wajenta ƙarfinsa na tsiyayewa har ya mutu. In an harbe ka, kana da ɗan lokaci kana jan ciki, ko wani naka zai zo ya ɗaga ka. Auta ne ya mayar da wannan ɗan lokacin gidansa. Ba ya jin harbi ya tsaya. Sista tana cewa a jira, shi ya riga ya faɗa ɗakin da mutum huɗu ke ciki.

"Yaya, zo ka kwashe ni," zai ce yana dariya.

"Wata rana zan bar ka a nan."

"Ba za ka iya ba."

Mai Aski yana da ƙa'ida, kuma shi ya koya wa sauran: ba a barin kowa a ƙasa muddin za a iya kai masa, amma in an makara, sai ka kwashi kayansa ka bi masu rai. Yakan ce mai tsayawa kan gawa shi ke kashe ƙungiya. A baki abin da sauƙi.

Ranar da abin ya faru, su ukun suna ciki suna jira, sunan Auta yana nan toka-toka, alamar bai hau ba. Direba yana cewa madam ce ta ƙwace wayar, Sista tana rantsuwa yau sai ta ci masa mutunci, Mai Aski ma ya tofa tasa, suna ta dariya. A daidai lokacin Auta yana kwance a gindin tsani, a wani gini da ba a gama ba, babu kowa kusa. Wannan dariyar ita ta fi komai damun Mai Aski daga baya.

Bayan an watse daga zaman makoki suka koma wasa su uku. Mai Aski ya hana a cika gurbin, don in za a sa wani sai an cire sunan Auta daga ƙungiyar, kuma nan kaɗai ya rage a duniya inda sunansa ke jere da na ƙanensa. Uku da huɗu kuwa ba kai ɗaya ba ne, kullum sai an kora su. Abin bai tsaya nan ba. Duk gidan da suka shiga, sai ya ajiye akwatin magani a bakin ƙofa, kamar yadda ya saba ajiye wa Auta. Wani lokaci a tsakiyar harbi sai a ji ya ce, "Auta, hagunka," sannan layin ya yi tsit.

Sista ta yi haƙuri har ta gaji. Ta ce, "Ambulan, jiya ina ƙasa ina kiranka, kana can kana ajiye wa wanda ba ya nan magani. Na san ciwon, wallahi na sani, a hannuna mutane ke cikawa. Amma ko dai a cika gurbin nan, ko ni da Direba mu nemi wata ƙungiyar."

Ya tashi ya goge madubin da babu ƙura a kansa.

Kashegari, ana rana tsaka, suna shirin shiga, sai sunan Auta ya koma kore.

Mai Aski ya ƙura wa allon ido. Sai ga mutum-mutumin Auta na cikin wasan ya bayyana a gefensu da jar hular nan da suke yi masa tsiya a kanta, yana tsaye, yana ɗan rausaya kamar yadda wasan ke sa su yi. A iyafis ana jin numfashi. Direba ya soma addu'a ƙasa-ƙasa. Can sai kukan yarinya ya taso daga nesa, wata murya ta ce, "Yaya? Ni ce. Ban san inda ake dannawa ba."

Matar Auta ce, wadda ta tsani wasan nan fiye da kowa.

Ta ce wayar Auta ta cika. Wasan yana neman a sabunta shi, babu wuri, sai dai ta goge shi ko ta goge hotuna da bidiyon Auta da 'yarsu. Ta riga ta zaɓa, wasan za ta goge. Amma ta ga bai dace ta goge ba tare da ta ga inda yake ɓata ranakunsa ba.

Sista ta gyara murya ta ce, "To, a shiga."

Ba su taɓa wasa irin na ranar ba. Matar ba ta iya tafiya miƙe ba, sai ta yi karo da bango ta tsaya tana kallon sama. Suka sa ta a tsakiya, Direba a gaba, Sista a dama, Mai Aski a baya yana cewa, "Tura babban yatsanki sama, ƙanwata. Yawwa." Ta tambaye su mene ne aikin mijinta a ciki. Direba ya ce, "Ya ruga gaba, mu kwaso shi." Ta yi wata 'yar dariya mai rawa ta ce a gida ma haka yake.

Sun yi nisa fiye da yadda suka zata. Da da'ira ta sake tsukewa suka kwasa a guje, ita kuma ta maƙale a bayan wani shinge. Harbi ɗaya daga kan tudu, jar hular ta faɗi. Mai Aski ya waiwaya ya ga Auta yana jan ciki a fili, wajen da'ira, nesa ƙwarai. Kafin ya yi tunani yatsansa ya riga ya juya.

"Ba za ka kai ba," in ji Sista. "An harbi Direba, yana nan kusa da kai."

Ya ci gaba da gudu. Ƙarfinsa yana raguwa, allon yana yin ja.

"Yaya," in ji matar. "Wannan mai gudun kai ne?"

"Ni ne. Kar ki motsa, ina zuwa."

"Bar shi, Yaya. Don Allah bar shi. Ka koma wurin abokanka."

Ya tsaya cak a tsakiyar fili. A madubin shagon ya ga wani mutum mai furfura a gemu, riƙe da waya, hawaye na sauka kan rigar aikinsa. Ya juya. Ya isa wurin Direba da ƙyar, ya durƙusa ya ɗaga shi, kuma bai waiwaya ba lokacin da sunan Auta ya dushe a gefen allon.

Ba su ci wasan ba. Da aka fito matar ta yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ta sauka, sunan ya koma toka. Wani mai son aski ya leƙo, Mai Aski ya nuna masa benci ya ce ya ɗan jira. Ya danna kan sunan, wayar ta tambaye shi ko ya tabbata zai cire shi daga ƙungiyar.

"Direba," ya ce, "abokin aikin nan naka da kake ta magana, ya iya jira in an ce a jira?"

"Ina fa. Shi ma ɗan gaggawa ne."

Mai Aski ya share fuska da tawul ɗin aski. "Turo shi," ya ce, sannan ya danna.