Kaset ɗin da Amare Suka Cinye

Finafinan da nake tarawa ba na kasuwa ba ne. Na ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne, waɗanda aka ɗauka da kyamarar biki, aka buga kaɗan, ƙungiyar ta watse. Babu waƙa, babu rawa, sai rigimar gida: gado, yaji, biko. Ɗaya daga ciki na fi ji da shi, domin marigayi yayana ne ya fito a matsayin uban da ya je biko wa ɗansa. Duk duniya ba mu da muryarsa sai a nan.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, kallo ya koma cikin gida, sai akwatin kaset ɗina ya zama na al'umma. A unguwarmu a Daura, idan aka kai amarya, ana aika mata kaset ya ɗebe mata kewa, kuma nawa ne ba mai cewa sun saɓa tarbiyya. Na hana, na kulle, na yi rantsuwa. Ina dawowa daga aiki wata rana na tarar babu na yayana.

"Haba malam, amarya ce fa," in ji matata. "Da wane bakin zan ce babu?"

Da bakin da kika ce akwai, na ce a raina.

Na bi sawu rai a ɓace. Amaryar ta ba ƙawarta a Sandamu, ita kuma ta ba wata a Zango. Kowace sai ta aiko mini da fura zaure, sannan a ce ai ya yi gaba. Kayan aro dai ba ya jin gajiyar tafiya.

A Mashi na same shi, ba kwali, yana ƙamshin turaren wuta. Surukar amaryar ce ta miƙo mini.

"Wannan dattijon mai biko a fim ɗin, Allah ya yi masa albarka," ta ce. "Kullum sai mun mayar da wurin baya."

Ashe duk gidan da ya shiga haka ake yi. Da na saka a gida, ko'ina garau, sai wurin nan: hoton ya ci, layi kawai ke gudu. Fuskar yayana ta tafi. Muryar ce ta rage, tana cewa a yi haƙuri.

Na so in yi faɗa, na rasa da wa.